Baba ya fara fita ba ya gane hanyar gida: wa ya taɓa gwada na'urar bin sawu?

Maman_Nafisa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya gani da idonsa nake so ya yi magana. Mahaifinmu shekararsa 78. Mu mutanen Illela ne amma nan Yamai muka tashi, a Lazare, shi kuma ya fi shekara 30 yana sayar da katako da kwano a kasuwar Katako. Shekara 2 ke nan da mantuwa ta kama shi. Da farko makulli ne da hula, sai sunayen jikoki, yanzu har la'asar yakan yi sau biyu. Ranar Talata da yamma ya ɗauki sandarsa ya fita, Inna ta zaci masallaci ya tafi. Har aka yi isha'i babu shi babu labarinsa. Mun zaga likita biyu da komisariya. Sai wajen ƙarfe 11 na dare wani mai kabu-kabu da ya san shi tun Katako ya gan shi a tashar Wadata yana tambayar motar Illela, wai uwarsa na jiransa. Kakar tamu kuwa ta rasu tun ina goye.

Yanzu gida ya rabu uku. Yayanmu da ke Faransa ya ce zai aiko da wata ƴar na'urar bin sawu, AirTag. Ƙanena ya ce a sayo irin na'urar da ake sa wa moto saboda ɓarayi. Inna kuma ta rantse ba za a ɗaura wa mijinta abin da ake ɗaura wa babur ba. Wanne ne ke aiki a nan garin namu? Kuma ta yaya ake sa tsoho ya yarda ya riƙa ɗauka?

Abu_Hafsat
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka wa mai kabu-kabun nan da alheri. Ina biye, matsalar gwaggona ke nan.

Injiniya_IK
Hajiya, abu biyu ne mabambanta yayanki da ƙanenki ke magana a kai, bari in raba miki su.

Na moto ɗin yana da GPS. Taurarin GPS na Amurka ne, suna can sama wajen kilomita 20,000, kuma na'urar saurarensu kawai take yi. In ta ji aƙalla guda 4 sai ta lissafa inda take. Ba ta aika musu komai. Shi ya sa dole a sa mata sim, don da shi ne za ta turo wa wayarki wurin, ko ta saƙo ko ta intanet. Ke nan in babu rezo, ko kiredi ya ƙare, ko batir ya mutu, na'urar ta zama dutse. A fili kuskurenta ƴan mitoci ne. Amma ƙarƙashin rufin kwano ko cikin rumfunan Babbar Kasuwa takan rasa taurari, sai ta koma kintace da dogon ƙarfen rezo mafi kusa, ta nuna miki unguwa guda sukutum.

AirTag kuma, wanda Apple ya fitar a 2021, babu GPS babu sim a cikinsa. Bluetooth ne. Sai wani mai iPhone ya gifta kusa da shi kafin ya ba da labarin inda yake. A Faransa kowace kwana akwai iPhone. A Lazare fa? Mu da Tecno da Itel muka cika gari. Abin da ya fi sauran da shi ɗaya ne, batirinsa na kai wajen shekara. SmartTag na Samsung ma haka yake, wayoyin Galaxy yake jira.

Na moto ɗin kansa kada ku saya, an yi shi ne ya sha wuta daga batirin babur. Ku nemi na mutane, mai kamar agogo ko ɗan ƙarami na ratayawa.

Zabaya227
Injiniya ka manta ka ce in AirTag ya daɗe nesa da wayar mai shi yakan fara kuka. An yi haka ne don kada a jefa wa mutum a jaka ba da saninsa ba. Tsoho ya ji abu na tsuwa a aljihunsa, ai wurgi zai yi da shi.

DanAdar
Ni daga Tawa nike rubutu, kuma mun sha wannan da kakarmu. Agogon munka hwara saye. Kwana ukku ya yi a hannunta. Duk sadda za ta yi alwala sai ta tuɓe ta aje bisa randa, kuma kun san tsohuwa alwala ba ta ƙare mata. Ranad da tab ɓace, munka buɗa waya, abu na nuna mamu tsakar gidanmu, agogo na nan bisa randa shina aikinai lahiya lau. Bayan nan wani ƙanen babanmu yak kai ƙaramar na'ura wurin baduku, anka ɗinke ta da jar hwata kamar laya, anka bar ƴar kafa ta caji. Wannan kam ba ta taɓa yarda a taɓa mata ita ba, don ta saba da laya tun tana budurwa. Sau biyu muna gano ta da ita, sau ɗaya hanyar kasuwa, sau ɗaya bakin tabki.

Injiniya_IK
DanAdar wannan dabara ce. Fata ba ta tare sigina, ƙarfe ne ke tarewa. Sai dai a kula da zafi, batir a ƙunshe cikin fata a watan Afrilu yakan kumbura. A riƙa dubawa.

Ummu_Sudais
Ni dai maganar laya ce ban gamsu da ita ba. Muna hana mutane rataya laya, sai kuma mu ɗinka da hannunmu mu rataya wa iyayenmu? Kuma yaudara ce, tana ɗauka kariya ce alhali waya ce.

DanAdar
Malama ba mu ce mata laya ce ba, ita tac ce. Munka yi shiru.

Malam_Tsangaya
Ummu Sudais, abin da ake gudu a laya shi ne ƙudurcewa cewa ita ke kawo amfani ko tunkuɗe sharri. Wannan kuwa sababi ne na zahiri, kamar tabarau ko sandar dogarawa. In siffar ce ke damun ki, a ɗinka ta kamar ƴar jakar goro ko gidan carbi, an huta. Ita kanta lalurar Alƙur'ani ya ambace ta a Suratun Nahli aya ta 70, cewa akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Don haka ba abin kunya ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. Abin da zan ƙara, Hajiya Maman Nafisa, in Baba na da lokutan da hankalinsa ke dawowa, a zauna da shi a lokacin a gaya masa, a nemi yardarsa. Uba ne, ba a yi masa abu ta bayan fage in akwai halin a yi ta gabansa.

Sarkin_Fada
Kun tabbata ba jifa ba ne? Mutum da arzikinsa a Katako, rana ɗaya ya ce uwarsa da ta mutu na kiransa? Ni na ga irin wannan, kurciya aka yi wa mutumin.

Majo_Zali
Sarkin Fada, shekara 19 ina aikin jinya, kuma wannan maganar ta kurciya ita ke sa a kawo mana tsofaffi bayan an gama yawo da su wurin masu magani, kuɗi sun ƙare. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Mafi yawansa shi ne wanda ake kira Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon mantuwa sun haura miliyan 55 a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu suke, ba na Turawa ba. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka kuma ta ce 6 cikin 10 na masu shi za su fita su ɓace aƙalla sau ɗaya. Duk kurciya aka yi musu?

Abin da ke faruwa, sabon abu ne ke fara gogewa, tsohon ya zauna daram. Shi ya sa Baba ya manta abin da ya ci da rana amma ya san Illela da uwarsa. A kansa ba ɓata ya yi ba, gida zai tafi. Kuma ki lura da lokacin, ƴar'uwa. Daga la'asar zuwa magariba ne rikicewar ta fi tashi ga da yawa daga cikinsu. Nan ne ya kamata a samu mai zama da shi, a ba shi abin yi, ko ɓarar gyaɗa ko jan carbi tare da jika.

Sannan ku kai shi likita kafin ku kashe kuɗi a na'ura. Akwai rikicewar da ciwon fitsari ke kawowa, ko sukari, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani maganin da yake sha, kuma waɗannan ana maganinsu. In abin ya ƙaru farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, ku fara zargin irin waɗannan.

Sarkin_Fada
Majo ban ce kada a je likita ba. A haɗa da addu'a dai.

Majo_Zali
Addu'a kam babu mai hana ta. Hayaƙi da bulala nake hanawa.

Maman_Nafisa
Na gode ƙwarai. Majo, wallahi kamar kina gidanmu, kullum bayan la'asar ne yake fara tattara takalmansa. Mun kai shi likita bara, an auna sukari da hawan jini, an ce tsufa ne. Za mu koma. Malam, maganar neman yardarsa ta shige ni. Da safe bayan ya sha koko yakan zama garau, har lissafin bashin da yake bin mutane yakan yi.

Inna_ta_Harobanda
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ba tsoho ba ne, yaro ne. Ɗana shekararsa 9, yana da otizim, wata lalurar ƙwaƙwalwa da ke bayyana tun ƙuruciya, ba ya magana. In ya ga ƙofa a buɗe ya tafi ke nan, kuma in kin kira sunansa ba zai waiwayo ba. Mu kuma ga mu a Harobanda, kogi a bayanmu. Yaran nan ruwa na jan su ƙwarai, likitarsa ma abin da ta fara gargaɗina da shi ke nan. Na'urar da muke da ita ana zana mata da'ira a taswira, in ya ƙetare sai wayata ta yi ƙara. Wannan ƙarar ita ce amfanin abin a wurina, fiye da taswirar, don nakan riske shi kafin ya kai kwalta. Na ɗinka mata aljihu ta cikin wandonsa, wanduna 4 duk da aljihun. Matsalata caji. Kwana ɗaya da rabi take yi. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 na sha wahala, sai da na sayi ƙaramin sola don ita kaɗai. Kuma sau ɗaya an wanke ta tare da wandon.

Injiniya_IK
Inna ta Harobanda, duba cikin saitinta, akwai inda ake zaɓar kowane minti nawa za ta aiko da wuri. In kowane minti ɗaya ne batir ba zai kai ko'ina ba. Amma ga yaro mai gudu kusa da ruwa ni ba zan ce ki tsawaita ba. Ga dattijo mai tafiya da sanda, minti 5 ko 10 ya isa.

Tsohon_Mushe
Ni tsohon malamin lakwal ne, shekarata 66, kuma ina karanta ku ina tunanin kaina. Ku yara kun ɗauka komai sai da waya. Wa ya gano Baba ranar Talata? Tauraron Amurka ko mai kabu-kabu? A da in mutum ya ɓace, mai unguwa ake fara gaya wa, a yi shela a masallaci bayan salla, a kai cigiya gidan rediyo. Har gobe ana karanta cigiya a rediyo, kuma masu taksi da masu shago na saurare. A Yamai kowace kwana akwai fada, samari na zaune kan shayi har ƙarfe 2 na dare. In kowace fada daga ƙofarku zuwa bakin kwalta ta san cewa Alhaji wane in an gan shi shi kaɗai a zaunar da shi a ba shi shayi a kira gida, kun samu na'urar da ba ta cin caji.

Maman_Nafisa
Mushe, gaskiya ka faɗa, amma nan ne gizo ke saƙa. Inna ba ta son a sani. Ko ranar Talata sai da ta hana a yi shela har aka yi magariba, wai kada a ce Alhaji ya zautu, ga ƙannena mata biyu ba su yi aure ba.

Gimbiya_Dosso
Wannan kunyar ita ke kashe mana tsofaffi. Kuma gara namiji. Tsohuwa in ta ɓace aka same ta a wata unguwa da asuba, ba ɗankwali, tana sambatu, kafin a ce mara lafiya ce an ce mayya ce ta faɗo. Na ga an taru a kan wata da duwatsu, Allah ya sa wani mai shago ya gane ta. Ko don wannan kaɗai ya kamata a ce akwai takarda a jikinsu.

Bako_Baltimore
Gaisuwa daga Amurka. A nan akwai wani shiri, Project Lifesaver, da aka fara a 1999 a garin Chesapeake na jihar Bajiniya. Abin mamaki ba GPS suka dogara da shi ba, rediyo ne. Ana ɗaura wa mutum wani abu kamar munduwa a hannu ko ƙafa, yana fitar da sigina ba tsayawa, kowane mutum da lambar zangonsa. In ya ɓace sai iyali su kira, ƴan sanda su fito da eriya a hannu suna bin ƙarar. Ba ya buƙatar sim, ba a cire shi don wanka, batirin kuma sai bayan wata ɗaya ko biyu ake canzawa. Ina ganin irinsa ya fi dacewa da Nijar.

Injiniya_IK
Bako, na'urar ta dace, amma a ƙasa eriyar ba ta ji daga nesa sosai, kilomita ɗaya zuwa biyu ne. Ƙarfin shirin shi ne akwai ma'aikatan da aka horar, da mota, suna jiran kira. In ka kawo munduwar Yamai ba tare da su ba, wa zai riƙe eriyar?

Bako_Baltimore
Ƴan kwana-kwana mana. Ko wata ƙungiya ta ɗauki nauyi.

Kanwar_Maza
Ku bari in faɗi abin da kowa ya sani ya yi shiru. Rabin masu sayen na'urorin nan ba don tsofaffi suke saye ba. Maƙwabciyata ta tsinci ɗaya a ƙarƙashin kujerar motarta, maigida ne ya sa. Wasu ma har da makirfo, a kira lambar a yi ta sauraren hira.

Dan_Gaske
To in ba ta zuwa inda bai kamata ba, mene ne abin tsoro?

Kanwar_Maza
Kawo motarka in sa maka, tunda kai ma ba ka da abin tsoro.

Malam_Tsangaya
Dan Gaske, wannan shi ne tajassusi da aka hana a Suratul Hujurati aya ta 12. Kada a haɗa shi da kula da wanda hankalinsa ya raunana.

Lauya_Hadi
Kuma doka ba ta yi shiru ba. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan sirri na mutane, da hukumarta HAPDP, kuma inda mutum yake yana cikin bayanan sirrinsa. Ko a kan Baba ina ba da shawara a taƙaita masu kalmar sirrin, mutum biyu ko uku. A canza wadda na'urar ta zo da ita, don masu arha da yawa 123456 ce, kowa ya sani. Makirfon kuma a bar shi a kashe, ɗakin Inna ne fa.

Admin_Zaure
Jama'a a dawo kan tambayar Maman Nafisa. Maganar ma'aurata a buɗe mata nata zaren.

Hassan_Talladje
Ban so in yi magana ba amma bari in yi. Kawuna ya fita a watan Mayu, shekara 3 ke nan, da hantsi. Mun bazu har Saga, har gadar Kennedy, mun aika a duba tashoshi, don kowa na cewa garinsu zai nufa. Kwana biyu muna nema. A wani kango aka same shi, bai kai tafiyar minti 10 daga gida ba, ya shiga tsakanin bango da tarin bulo ya kasa juyowa. Mun wuce ƙofar kangon nan muna kiran sunansa ya fi sau biyar. Zafin ranar ya haura 44. Allah ya yi masa rasuwa kafin a kai gare shi. Da akwai ko da wadda ke nuna unguwa kawai, da ba mu tafi Saga ba. Ku saya, Hajiya, ko wace iri ce.

Maman_Nafisa
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, Malam Hassan.

Majo_Zali
Allah ya gafarta masa. Abin da Hassan ya faɗa sananne ne ga masu aikin ceto: yawanci kusa ake samun su, sukan miƙe gaba har sai wani abu ya tare su, kuma ba lallai su amsa kira ba. Don haka a fara da gida kansa, banɗaki, bayan ɗaki, sannan kangaye, kwatoci, ramukan da aka haƙa don gini, motocin da aka yasar. A leƙa da ido. Kuma kada a ce bari a jira zuwa dare. A kira 17 na ƴan sanda ko 18 na ƴan kwana-kwana da wuri. Ki ɗauki hotonsa a waya kowace safiya da kayan da ya sa, don in hankali ya tashi babu mai tuna kalar riga.

Alhaji_Kwado
Ni ban ga abin wahala ba. A sa kwaɗo a ƙofar gida, makulli a hannun Inna. Jaka ɗaya ta gama magana.

Tsohon_Mushe
Alhaji, mutumin da ya gina gidan da guminsa za ka kulle a ciki? Wanda ya yi shekara 50 bai rasa jam'i ba? Randa aka yi mini haka, a ranar zan fara mutuwa.

Alhaji_Kwado
Mushe, gara ya yi fushi yana raye. Ka karanta abin da Hassan ya rubuta kuwa?

DanAdar
Mu da dare muna kullewa, da rana a'a. Da munka gwada kullewa da rana ta wuni tana bugun ƙyaure tana kuka, har ta yi ƙoƙarin hawan katanga. Sai munka rataya ƴar ƙararrawa bisa ƙohwa, irin ta wuyan akuya, kowa ya ji ta ya san an hita.

Nana_Koira_Kano
A Japan, inda ƴan sanda ke samun rahoton ɓatan masu wannan ciwon fiye da 17,000 a shekara, wani gari mai suna Iruma ya fito da ɗan tambarin QR, irin wanda ake karantawa da kyamarar waya, da ake mannawa a farce tun 2016. Lamba ce kawai a ciki da wayar ma'aikatar gari, babu suna babu adireshi. Mu namu mai sauƙi: tela ya ɗinka ƙyalle a cikin wuyan kowace riga da lambar waya biyu. Takarda a aljihu ɓacewa take yi.

Lauya_Hadi
Lambar waya kaɗai, ban da kwatancen gida. Ba kowane mai tsintuwa ne na Allah ba.

Abu_Hafsat
Tambaya, nawa ake sayar da na ratayawar, kuma wane layi ya fi?

Inna_ta_Harobanda
Tawa jaka 25 na saya, amma ta kwana biyu. Layi kuma wanda ya fi ƙarfi a unguwarku, Airtel, Moov ko Zamani, ka gwada da wayarka tukuna. Kada ka bar shagon sai mai sayarwa ya sa sim ɗin ya nuna maka tana aiki a wayarka. Kuma ka riƙa sa mata kiredi, layin da aka daɗe ba a taɓa ba rufe shi ake yi.

Maman_Nafisa
Jama'a na dawo da labari bayan kwana 9. Mun zauna da Baba da safe kamar yadda Malam ya ce. Yaya ya kira ta bidiyo ya ce masa agogo ne ya saya masa, kuma in ya yi nisa zai nuna mana inda yake. Baba ya yi dariya ya ce shi da ya je Kano a bayan babbar mota tun ba a haife mu ba, yau shi za a nuna wa hanya? Amma ya karɓa, ya ce kyautar ɗa ba a mayar da ita. Inna ma ta sauko da ta ga agogo ne. Na kuma bi ta bayanta, Allah ya yafe mini, na gaya wa samarin fadar ƙofarmu da mai shagon kwana da ladan.

Jiya bayan la'asar waya ta yi ƙara, ya fita daga da'ira. Ƙanena ya hau moto yana bin ɗigon, ɗigo na gudu kamar ba tsoho ba. Ya bi shi har wata makarantar allo, sai ga agogo a hannun wani almajiri ɗan shekara 10. Baba ne ya ba shi sadaka a ƙofar masallaci. Shi kuwa Baba yana zaune a fada, samari sun tare shi da shayi, yana ba su labarin farashin kwano a zamanin Kunce.

Tsohon_Mushe
Ban ce komai ba.

Injiniya_IK
Mushe kada ka yi saurin murna, agogon ya yi aikinsa, ya kai su inda yake daidai. Hajiya akwai maɗauri mai kulle da ba ya ɓalluwa sai da ɗan makullinsa.

Majo_Zali
Mai kullen nan a yi hattara, wasu in sun kasa cirewa sukan yi ta ja har su ji wa hannu ciwo. Ki gwada na kwana biyu kina duba fatar wurin.

Ummu_Sudais
To yanzu agogon na wa ne? Sadaka dai ta riga ta fita.

Malam_Tsangaya
Kyautar wanda hankalinsa ya gushe ba ta zartuwa, amma a ba yaron wani abu ya ji daɗi.

Maman_Nafisa
An ba shi jaka ɗaya da takalmi. DanAdar, don Allah badukun naku da wane irin zare ya yi ratayar, kuma kafar cajin ta ƙasa ya bari ko ta gefe? Akwai masu aikin fata a gidan tarihi na Bubu Hama, gobe nake so in je. Ummu Sudais kada ki damu, gidan carbi zan ce a ɗinka.

DanAdar
Ta ƙasa, Hajiya, da ɗan marhi mai maɓalli don ƙura. Ratayar kuma tukkar hwata ce, ba lailon ba, lailon na cin wuya in anka yi zuhwa. Bari in je gida in ɗauko hoto, tana nan cikin akwatin tsohuwa.